Kamfas da Azara: Lissafin Siffar Bakan Gizo a Ginin Hausa da Rufin Majami'un Turai na Zamanin Tsakiya

Maƙalar da aka gabatar a taron magina da masu zanen gine-gine, Kakuri, Kaduna

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta hanyoyi biyu na rufe ɗaki mai faɗi ba tare da an kafa ginshiƙi a tsakiyarsa ba: rufin dutse mai haƙarƙari na manyan majami'un Ingila da Faransa, da kuma ɗaurin guga na maginan Hausa, wanda Masallacin Juma'a na Zariya ya zama babban misalinsa. A ido, rufin biyu sun yi kama. A lissafi, sun rabu tun daga tushe. Maginin Turai yana faɗaɗa gininsa ta hanyar rabo, domin dutse yana bin siffa. Maginin Hausa yana faɗaɗa nasa ta hanyar ƙidaya, domin azara tana da iyakar da ba ta wucewa. Saboda haka dabarun awo da aka ƙirƙira don majami'u suna buƙatar gyara kafin a ɗora su a kan soro.

Gabatarwa



Kakuri unguwa ce da ta san rufi mai faɗi. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, aka zo aka fara haɗa motocin Peugeot a 1975, idon mutumin Kakuri ya saba da rumfunan ƙarfe masu tsallake mita da yawa babu tokari. Injiniyan da ya zana irin wannan rumfa ya bar takarda, kuma duk mai son sanin tunaninsa zai iya buɗe ta ya karanta. Tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka zuwa arewa, a cikin birnin Zariya, akwai rufin da aka yi fiye da shekara ɗari kafin masaƙar farko, wanda mai shi bai bar mana zane ko ɗaya ba. An gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, a hannun Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Tambayar da nake so mu duba ita ce: idan babu takarda, ta yaya za a karanta lissafin magini daga jikin gininsa?

Masana a Turai sun daɗe suna fama da irin wannan tambaya, don haka zan fara da su.

Yadda aka karanta rufin majami'u

Rufin dutse mai haƙarƙari ya bayyana da girmansa a babbar majami'ar Durham ta Ingila, wadda aka aza harsashinta a 1093 aka gama rufe ta wajen 1133. Daga nan aka yi ɓangaren gabas na majami'ar Saint-Denis kusa da Faris tsakanin 1140 da 1144. Tsarin shi ne a fara tayar da siraran bakuna na sassaƙaƙƙen dutse su gitta juna, sannan a cike tsakaninsu da ƙananan duwatsu.

Matsalar farko da magini ya ci karo da ita ta lissafi ce tsantsa. Ɗauki fili murabba'i mai mita 6 a kowane gefe. Nisan kusurwa zuwa kusurwa zai kama mita 8.49. Idan aka yi kowane baka rabin da'ira, na gefe zai tashi mita 3, na kusurwa kuma mita 4.24. Kawunansu ba za su daidaita ba. Baka mai tsini ya warware wannan, domin yana bai wa magini damar zaɓar tsayi ba tare da faɗi ya tilasta masa ba. A kan faɗin nan na mita 6, idan aka kafa ƙafar kamfas a gindin kowane ɓangare aka ja ɗayan, tsinin zai kai mita 5.2, idan aka matso da ƙafar kamfas ciki, tsayin ya ragu yadda ake so.

A 1842 Robert Willis na Jami'ar Cambridge ya wallafa nazarin da har yau ake komawa gare shi. Ya hau saman rufi, ya duba duwatsun da aka sauke daga gine-ginen da ake rushewa, ya ga layukan da masassaƙa suka ƙarta a jikinsu. Ya nuna cewa kowane haƙarƙari an zana shi daban, a matsayin yankin da'ira ɗaya ko biyu ko uku, bisa shimfiɗar ƙasa. Akwai shaida mai ƙarfi a kan haka: a York da Wells har yanzu akwai ɗakunan da aka shafe daɓensu da farar ƙasa, inda magina ke zana baka da ainihin girmansa, a yanko allon gwaji daga zanen, a miƙa wa masassaƙi. A shekarun baya-bayan nan, masu bincike a Jami'ar Liverpool, ƙarƙashin Alexandrina Buchanan da Nicholas Webb, sun auna rufin majami'u da dama da na'urar lesa, suka sa kwamfuta ta nemo cibiyar kowace da'ira da faɗinta. Aikin ya yiwu ne saboda da'irar tana nan a ɓoye cikin dutsen. Magini ne ya sa ta, su kuma suka tono ta.

Abu na biyu da ya kamata mu riƙe shi ne halin dutse. Dutse yana jure danni ƙwarai, amma mahaɗarsa ba ta jure ja. Robert Hooke ya lura a 1675 cewa siffar sarƙar da aka rataya, idan aka kifa ta, ita ce siffar bakan da zai tsaya. Jacques Heyman ya gina a kan wannan a 1966, ya nuna cewa tsayuwar ginin dutse magana ce ta siffa kafin ta zama ta ƙarfi: muddin layin turi ya zauna cikin kaurin baka, ginin ba zai faɗi ba. Ma'anar wannan ga magini babba ce. Idan ƙaramin baka ya tsaya, babba mai irin rabonsa ma zai tsaya. Shi ya sa ƙa'idodin maginan zamanin tsakiya kusan duka na rabo ne, kamar a ce kaurin bango ya zama kashi kaza na faɗin ɗaki. Ba kullum suke dacewa ba, ga rufin Beauvais mai tsayin mita 48 da ya rufta a 1284, amma galibi ƙa'idar ta riƙe su.

Baka na dutse ba ya tsayuwa sai an sa dutsen ƙarshe. Kafin nan dole a tallafe shi da ƙirar katako, kamar dai yadda muke ganin dajin gora a ƙarƙashin rufin kankare a kowane sabon gini a Kakuri da Makera, ba a cirewa sai siminti ya kama. Kafinta, ke nan, shi ne ya fara gina bakan da katako, magini ya bi sawunsa.

Azara da iyakarta

Maginin Hausa ba shi da wannan ƙirar katako, kuma bai neme ta ba. Kayan aikinsa su ne ƙasar birji da aka cuɗa da ciyawa, tubali mai siffar ƙwai da ake jerawa kai sama, igiya, da azara, wato tsagin kututturen giginya. Azara tana da tauri, gara ba ta cika damun ta ba, amma siririya ce. J. C. Moughtin, a littafinsa na 1985 kan ginin Hausa, ya rubuta cewa tazarar da take tsallakawa cikin aminci a ƙarƙashin nauyin rufin ƙasa ba ta wuce kimanin mita 1.8 ba. Wannan daidai yake da gaba guda ta namiji, kamu huɗu ke nan. Magini yana ɗauke da ma'aunin a jikinsa.

Me ya sa iyakar take da tsanani haka? Rufin soro yana da nauyi. Idan muka ɗauka cewa ƙasar da aka daɓe a sama kaurinta santimita 15 ne, kuma kowace mita kubik ta busasshiyar ƙasa tana kama kilo 1,700, to kowace mita murabba'i ta rufi tana ɗauke da kilo 255, tun kafin damina ta jiƙa ta. Itacen da aka gitta a kan bango biyu kuwa, ƙarfin da ke lanƙwasa shi yana ƙaruwa ne da ninkin tazara a kanta. Ka ninka tazara sau biyu, lanƙwasa ta ninku sau huɗu, lotsawar tsakiya kuma sau goma sha shida. A nan ƙa'idar rabo ta mutu. Babu yadda za a yi a ce tun da ɗakin mita 1.8 ya tsaya, na mita 3.6 mai kama da shi zai tsaya. Giginya ba ta ƙara kauri don an ƙara faɗin ɗaki.

Daga wannan iyaka dukan lissafin soro ya fito. Matakin farko shi ne tauyi, guntayen azara da ake fito da su daga kan bango ko a gitta su a kusurwa don rage tazara. Mu duba na kusurwa. Idan aka haɗa tsakiyar kowane bango da tsakiyar maƙwabcinsa, za a sami ƙaramin murabba'i a karkace cikin babba, gefensa kashi 0.707 na gefen babban. Juya lissafin: azara mai tsallake mita 1.8 za ta iya rufe ɗaki mai faɗin mita 2.5 ta wannan dabara. Wannan juya murabba'i cikin murabba'i shi ne ainihin siffar da Matthäus Roriczer, babban maginin Regensburg a Jamus, ya bayyana a ɗan littafinsa na 1486. Shi ya yi amfani da ita don fitar da rabon hasumiya. Maginin Kano da na Zariya sun yi amfani da ita don ceton azara daga karyewa. Siffa ɗaya ce, buƙata ta bambanta, kuma ban ga dalilin neman wanda ya koya daga wani ba.

Idan ɗaki ya wuce nan, sai ginshiƙi ko bakan gizo.

Yadda bakan gizo yake tashi

Ana fara ƙafar baka tun bango bai kai ƙarshe ba. A dasa damin azara cikin bangon, kansa ya ɗan sunkuyo cikin ɗaki, a danne gindinsa da ƙasa. A bar shi ya bushe. Sai a ɗora dami na biyu a kan na farko, rabinsa ya kwanta a jikin na ƙasa, a ɗaure da igiya, sauran ya miƙa gaba da sunkuyon da ya fi na farko, a lulluɓe da ƙasa, a sake jira. Haka ake yi daga ɓangarorin biyu lokaci guda har tazarar da ta rage a sama ta zama wadda azara ɗaya za ta tsallake, sai a gitta ta a kulle. A kowane mataki abin da aka gina yana ɗauke da kansa, har da yaron magini da ke zaune a kai yana karɓar curin ƙasa. Shi ya sa aikin na rani ne, kuma shi ya sa ba a gaggauta shi.

Abin da ke cikin bakan gizo, ke nan, jerin miƙaƙƙun layuka ne masu karyewa a gaɓoɓi. Lanƙwasar da ido ke gani aikin yaɓe ce. Nawa ne yaɓen da ake buƙata don ɓoye gaɓoɓin? Mu koma ɗakinmu na mita 6, mu ɗauka ana son rabin da'ira. Idan kowace ƙafa tana da gaɓa uku, kowace gaɓa ta juya digiri 30, tsawon da ya fito fili zai zama mita 1.55, kuma ratar da ke tsakanin miƙaƙƙen layi da da'ira a tsakiyar gaɓa santimita 10 ce. Idan gaɓoɓin huɗu ne, juyawar digiri 22.5, tsawon mita 1.17, ratar kuma ta sauko ƙasa da santimita 6. Tafin hannun mai yaɓe yana cinye wannan rata ba tare da ya san ya yi lissafi ba. Wanda ya zo da na'ura bayan shekara ɗari da tamanin ya ce wa kwamfuta ta nemo masa cibiyar da'ira, za ta ba shi amsa, don kwamfuta ba ta ƙin amsawa. Amma cibiyar da ta bayar ba ta taɓa shiga zuciyar Babban Gwani ba.

Yanzu ga wurin da nake ganin gwanintar take. Aikin baka a soro shi ne ya yanka sararin rufi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta dawo cikin ikon azara. A ɗakin mita 6, baka ɗaya ta tsakiya daga kowane ɓangare zai ba da gida huɗu masu kusan mita 3, waɗanda sai an taimaka musu da tauyi. Baka biyu daga kowane ɓangare za su ba da gida tara masu mita 2. Cire kaurin bakan kansa, ka dawo ƙasa da mita 1.8. Wannan gittawar bakuna ita ce ɗaurin guga. Akwai kuma tsarin da ƙafafu ke tasowa daga ko'ina su haɗu a ƙololuwa ɗaya, da wanda rabin baka ke zuwa ya jingina a jikin cikakke ya tsaya nan. Duk wanda ya ɗaga kai a zaurukan Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano ya ga yadda ake sarrafa waɗannan. Mai kallo yana ganin ado. Amma ka ɗauki awo ka bi gidajen rufin ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar adon bai taɓa barin wani gida ya fi ƙarfin azarar da za ta rufe shi ba. Ƙarin faɗi yana kawo ƙarin ƙafafu, ƙarin ƙafafu yana kawo sabon zane.

Matsalar daidaita kawunan bakuna, wadda ta kai Turawa ga baka mai tsini, tana nan a ɗaki mai tsawo, inda baka mai gajeriyar tazara zai haɗu da mai doguwa a tsayi ɗaya. Maginin Hausa yana da hanyoyi uku a hannunsa: ya ɗaga ko ya sauke inda ƙafa ta fara fita daga bango, ya canza sunkuyon kowace gaɓa, ko ya ƙara gaɓa. Dukansu ana yanke su a kan gini, da ido da igiya, mataki bayan mataki, kuma kuskuren gaɓa ta biyu ana gyara shi a ta uku. Masassaƙin dutse ba shi da wannan sauƙi, don dutsensa an riga an yanka shi a ƙasa bisa allo.

A Faransa an yi doguwar jayayya kan ko haƙarƙarin majami'a yana ɗaukar nauyi. Viollet-le-Duc ya ce yana ɗauka. Pol Abraham a 1934 ya musanta, yana nuni da rufin da bama-baman yaƙin duniya na farko suka zubar wa haƙarƙari amma bai rufta ba. A soro wannan jayayya ba ta da wurin zama. Azarar rufi a kan baka take kwance. Cire baka, rufi ya biyo shi. Tambayar da ta fi dacewa da mu ita ce ta bayan kullewa: nawa ne daga nauyin ke bin busasshiyar ƙasa a matsayin danni, nawa ne azara ke riƙewa a matsayin lanƙwasa? Ra'ayina shi ne rabon yana canzawa da shekaru. Yayin da igiya ke saki, ƙasa na ƙara karɓar aiki, turi a kan bango na ƙaruwa, kuma faɗin gindin bangon Hausa, wanda ke sirancewa yana hawa, shi ke karɓar wannan turi. Wannan zato ne da awo zai iya tabbatarwa ko ya rushe.

Game da asali, Labelle Prussin a 1986 ta danganta bakan gizo da lanƙwasassun sandunan bukkar makiyaya, Fulani da Buzaye. Wasu kan waiwayi bakuna masu gittawa na masallacin Ƙurɗuba ta Andalus, na zamanin Halifa al-Hakam na biyu a shekarun 960. Ta fuskar lissafi, na fi karkata ga Prussin: abin da ake ɗaurewa da igiya ɗan'uwan bukka ne, ko da fuskarsa ta yi kama da Andalus.

Abin da ya kamata a auna

Muna da harsashi. Z. R. Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya auna masallacin Zariya da wasu gine-gine da dama, aka buga aikinsa a 1990 bayan rasuwarsa, kuma shi ya jagoranci gina kwafin masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Hamman Tukur Saad ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Michigan a 1981 bayan zama da magina. Asalin masallacin kuwa, tun shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage na cikinsa da sabon ginin kankare.

Shawarata ita ce a auna da lesa, amma a canza tambayar da ake yi wa kwamfuta. A bi cikin kowane baka a fitar da yadda lanƙwasarsa ke ƙaruwa da raguwa. A bakan dutse za a ga lanƙwasa ɗaya ta zauna daram tsawon yanki guda. A bakan gizo ina sa ran a ga tana tashi tana sauka, kuma wuraren tashin su ne gaɓoɓi. Tazarar da ke tsakaninsu za ta gaya mana tsawon da magini ya yarda azara ta fita, wanda shi ne sa hannunsa. Da wannan za a iya gwada maganar da ake yi cewa Babban Gwani ne ya gina gidan Madaki a Kafin Madaki ta jihar Bauchi, ta hanyar kwatanta gaɓoɓin can da na Zariya.

Akwai cikas. Yaɓe kan yaɓe na shekaru yana binne gaɓa, kuma lotsawa tana canza siffa. Na'urar rada mai leƙa cikin bango za ta taimaka wajen gano kwanciyar azara. Mafi arha daga duka shi ne soron da ya riga ya faɗi: a kowace damina tsofaffin unguwannin Zariya da Kano da Katsina suna buɗe mana ƙashin bakuna kyauta, kwana kaɗan kafin a kwashe azarar a kai murhu. Ɗalibi ɗaya da awo da kyamarar waya zai iya rubuta kusurwar kowace gaɓa a wuni guda. Kwafin Jos kuma ma'auni ne mai kyau, tun da an san siffar da aka nufa, sai a ga yadda hannun magina ya fassara ta.

Sai masu sana'ar kansu. A garin Yama na jihar Tawa a Nijar, Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a a 1962 da rufi a kan ginshiƙai, ya dawo a 1975 ya sauya shi da bakuna da tulluwa, aikin da ya sami lambar Aga Khan a 1986. Wannan ya nuna cewa ilimin yana raye har cikin zamaninmu, kuma yana iya shiga garin da ba a saba da shi ba. A Zariya har yau akwai unguwar Babban Gwani, a biranenmu kuma akwai sarautar Sarkin Magina. Ina roƙon sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna su nemi dattijo ɗaya daga cikin waɗannan gidaje ya tayar da baka guda mai faɗin mita 4 a filin makaranta cikin rani, a auna kowace gaɓa ranar da aka ɗaura ta, a sake aunawa bayan ta bushe, sannan a ɗora masa buhunan yashi a hankali ana rubuta lotsawa har ya karye.